Numfashin Gwaggo

A gefen ginin kimiyya, kusa da ƙofar da masu shara ke bi, akwai wani bututu da ya leƙo daga bango daidai tsayin bakin mutum. Lokacin zafi babu mai kula shi. Amma in Janairu ya kama, sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa, sai ka ga bututun yana huci: fari ya fito, ya ɗan tsaya, ya watse, wani ya biyo baya. Ɗalibai kan kauce masa ba tare da sun san dalili ba. Farfesa Lorna Friesen kuwa ta wannan ƙofa take shiga kullum, ko da yake babbar ƙofa ta fi kusa da inda take ajiye mota. In ta zo wurin takan rage tafiya, wani lokaci har leɓenta ya motsa.

Hucin na Gwaggo ne. Haka ake kiran na'urar da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wani tankin ƙarfe mai girman saniya a durƙushe, wanda famfuna ke zuƙe iskar cikinsa suna tofarwa waje ba dare ba rana. Emil Bodnar, maƙerin sashen, shi ya ƙera ta, shi kuma ya raɗa mata suna, wai don yana da gwaggo a ƙauyensu mai irin halinta: ba ta son a taɓa ta, ba ta son gaggawa, kuma ba ta manta laifi. Emil ya rasu shekara tara da suka wuce. Gwaggo ba ta yi shiru ba ko ranar da aka binne shi.

Aikin da ake yi da ita ba shi da wuyar faɗa. A kwashe iskar ciki tas, sai abin da ba a rasa ba. A saki gas ɗin da ake son bincika ta bakin wata allura, siriri kamar zare. Sai a harbo ilektiron, ƙananan ƙwayoyin nan na lantarki, su ratsa zaren. Wasu su wuce abinsu, wasu su yi karo da ƙwayoyin gas su fanɗare. Na'ura tana ƙirga waɗanda suka fanɗare, tana ɗiga musu layi a allon kwamfuta. Daga nan a rufe gas, a sake aunawa tankin wayam, a cire wannan daga wancan. Abin da ya saura na gas ne. Ƙa'idar ke nan da ake koya wa kowa a makonsa na farko, kuma Lorna ta yi shekara talatin tana koya wa mutane ita.

Shekara ashirin da biyu baya, tana gwajin wani gas da masana'antu ke wanke ƙananan kayan lantarki da shi, sai layin da ya kamata ya gangara sumul ya yi wani ɗan tudu a tsakiya. Ta auna, ta sake aunawa, ta ƙara. In an rufe gas tudun ya ɓace, in an buɗe ya dawo. Ta buga sakamakon. Masu lissafi suka yi ta cacar baki a kan dalilinsa, har aka shiga kiransa Tudun Friesen. A kansa ta zama farfesa, a kansa ne kuma in ta shiga taro matasa ke tashi su ba ta kujera. Sunan Emil yana can ƙasan takardar, cikin layin godiya, tsakanin mai gyaran kwamfuta da wadda ta buga rubutun. Haka ake yi wa maƙera, kuma bai taɓa nuna ya damu ba.

Akwai abin da Lorna ba ta gaya wa kowa ba. Tudun yana raguwa.

Shekara goma sha uku ya yi tsayinsa bai canja ba, in ban da 'yar rawa sama da ƙasa. Daga watan da aka binne Emil ya fara lotsawa, kaɗan-kaɗan, kowace shekara ƙasa da ta baya. Ta ɗora laifin a kan wayar da ke fitar da ilektiron, aka canja ta. Ta ɗora a kan abin ƙirga, aka canja shi. Tudun bai fasa sauka ba. Ita ba mai yarda da fatalwa ba ce. Ɗiyar manomin alkama ce, wanda ko mafarki ba ya bari a ba da labarinsa a kan teburin abinci. Duk da haka ba ta rubuta waɗannan alƙaluma a babban littafin ɗakin gwaji ba, inda doka ta ce a rubuta komai da tawada kuma ba a yage shafi. A bayan wani ƙaramin littafi nata take rubuta su, ta mayar da shi jaka. In ta zauna ita kaɗai da rana tsaka, ɗigon suna hawa allon ɗaya bayan ɗaya har tudun ya fito, takan ji tsigar jikinta ta tashi, kamar wani ya shigo ɗakin ya tsaya a bayanta. Kuma maganar gaskiya, ba tsoro kaɗai take ji ba. Tana jiran lokacin.

A makon farko na Fabrairu saƙo ya zo daga wasu masu bincike a Ostiraliya. Saƙon mai ladabi ne, irin ladabin da ke sa gaban mutum ya faɗi. Sun ce sun ƙera sabuwar na'ura, sun yi wata uku a kan gas ɗin, ba su ga tudu ba. Ba sa so su buga komai kafin su ji daga gare ta, ko za ta sake aunawa kafin ƙarshen wata? Ita kuwa a Yuni za ta yi ritaya, har an riga an auna ɗakin Gwaggo da tef don a zuba masa kwamfutoci. Ta karanta saƙon sau uku. Abu ɗaya ta yi a rayuwa da za a tuna ta da shi, ga shi ana tambaya ko akwai shi.

Ta sa Dennis Sawchuk ya bi kowane haɗi na Gwaggo ya nemo yoyo. Dennis shi ya gaji Emil, a hannunsa kuma ya koyi aikin. Yanzu ya haura hamsin, ga tumbi, ga baki. Kwana biyu ya yi yana rarrafe a ƙasan tankin yana fesa iskar hiliyom mai tona yoyo a kan haɗe-haɗe, yana ƙunƙuni cewa gwiwoyinsa ba na gwamnati ba ne. Ran na uku da hantsi ta same shi a shagonsa, yana cin soyayyen ferogi, wato curin fulawa mai dankali a ciki, da matarsa ta ɗaura masa, kofin kofi a kan injin sassaƙa. Ya ce babu yoyo ko na ƙwayar zarra, tsohuwar ta fi su biyun lafiya. Ta tambaye shi ko ya duba layin gas har ƙarshe.

"Har ƙarshe, ranki ya daɗe," in ji shi, yana lashe yatsa. Haka yake ce mata in yana son ya tsokane ta. "In ban da haɗin tsoho, na can baya. Shi ma na fesa, lafiyarsa lau. Kwancewa ce dai ban yi ba, kuma ba zan yi ba."

"Don me?"

"Haɗin da ba ya yoyo ba a taɓa shi. Ke ma kin sani. Tun da ya rasu na sa wani makulli a gaba, daga can nake canja silindar gas. Zoben robar da ke ciki, shi ya sa shi da hannunsa." Ya yi dariya shi kaɗai. "Da hannunsa na ce? Da hancinsa."

Lorna ta dube shi. Shi kuwa daɗin labari ya riga ya ɗebe shi. Ya ce ranar da ya fara aiki, ya ɗauko kwalbar man da ake shafa wa zoben roba don ya kama da kyau, sai Emil ya buge masa hannu, ya ce man kanti na ragwaye ne. Ya goga babban yatsa a gefen hancinsa, ya murza zoben da shi har ya yi sheƙi, ya ce haka wanda ya koya masa ke yi, haka ma wanda ya koya wa wancan. Maiƙon hanci ba ya daskarewa, ba ya yin yawa, kuma ba ka manta shi a gida.

"A cikin Gwaggo?" Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Haba, ciki? Mutumin da ke sa safar hannu biyu, yana riƙe numfashi in an buɗe murfi? A waje dai, kan layin gas. Duk canjin silinda sai ya cire zoben ya sake murza masa maiƙon." Ya kai ferogi baki, sai ya tsaya. Ya ga fuskarta. A hankali ya mayar da cokalin cikin kwano, don shi ma ya san abin da ake yi da wannan gas a masana'anta. Maiƙo ake wankewa da shi.

Lorna ba gas ɗin ta fara tunawa ba. Ta tuna yadda take shigowa ranar canjin silinda, ta tarar da Emil a tsugune bayan Gwaggo, da wannan rigar tasa mai gidan dara. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba, yana shafa gefen hancinsa da yatsa. Ita ta ɗauka kunya ce. Shekara goma sha uku tana ɗauka kunyarta yake ji, kuma a kan wannan ɗan motsi ta gina abubuwa da yawa a zuciyarta. Matarsa ta rasu tun kafin Lorna ta zo sashen, ita kuma ba ta taɓa aure ba. Duk Kirsimeti yakan ajiye mata kwalbar zuma daga gonar ƙanensa a kan tebur, babu takarda, babu suna. Ta so shi, babu wata kwana-kwana. Ba ta faɗa ba, shi ma bai faɗi komai ba, har ranar da zuciyarsa ta tsaya yana share ƙanƙara a ƙofar gidansa.

Ta sauka ɗakin ta kwaso littattafan Emil daga kan kanta. Rubutunsa ƙanana ne, a tsaye, da shuɗiyar tawada. "Canjin silinda. Zobe lafiya." Bayan wata huɗu, haka. Bayan wata biyar, haka. Ta jera kwanakin a gefe, ta jera tsayin tudun a ɗaya gefen. Abin da ta daɗe tana ɗauka rawar na'ura ce ashe tsari ne da shi: bayan kowane canji tudun ya ɗan ɗaga, ya yi ta sauka, Emil ya sake zuwa, ya sake ɗagawa. Canji na ƙarshe da rubutunsa, kwana goma sha ɗaya ne kafin rasuwarsa. Daga nan sai gangara.

Ƙa'idar da take koyarwa ba ta yi ƙarya ba, ita ce dai ba ta tambaye ta abin da ya kamata ba. In gas yana gudana, yakan lashi zoben ya ɗebi ɗan abin da ya ɗiba, ya kai shi bakin allura, ilektiron su yi karo da shi. In an rufe gas, babu mai ɗauko shi. Don haka duk cirewar da za a yi, tudun zai saura, kowa kuma zai rantse na gas ne.

Gwaggo tana gurnaninta na kullum. Ɗakin ba shi da taga, agogon bango ne kawai ke cewa ƙarfe biyu na rana. Awon da ta sa tun safe yana tafiya, ɗigon suna hawa allon, suka zo wurin, suka ɗan ɗaga. Lorna ta zauna tana kallo. Mutumin yana can maƙabarta ƙarƙashin ƙanƙara shekara tara, ga kuma wani abu na fuskarsa yana wucewa ta cikin allura a gabanta, ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ba ta yi kuskure ba da take jin akwai wani a ɗakin. Kuma duk ranar da ta buɗe gas don ta gan shi, rage shi take yi. Ta miƙa hannu ta rufe makullin.

Dennis ya shigo ba tare da ya ƙwanƙwasa ba, ya tsaya yana jujjuya hularsa. Ya ce mata babu wanda ya san wannan magana sai su biyu, kuma shi mantuwa gare shi, matarsa za ta ba da shaida. Ya ce ta rubuta wa mutanen can cewa na'urarta ta tsufa, ba za ta iya maimaita awon ba. Za su buga nasu, a yi ta musu shekara goma, tudun ya zauna a littattafai da alamar tambaya. Kafin a gama tana can bakin tafki tana noman tumatir.

"Ba ƙarya za ki yi ba," in ji shi. "Shiru kawai za ki yi."

"Na yi shekara tara ina yin shirun," ta ce. Ta ciro ƙaramin littafin daga jaka ta ajiye masa a kan tebur. Ya buɗe bayan, ya bi alƙaluman da ido, ya rufe. "Kawo sabon zobe, Dennis. Da safar hannu."

Washegari da safe suka kwance haɗin. Notin haɗin ya ƙi, sai da Dennis ya ɗan yi masa magiya da zagi. Tsohon zoben ya fito baƙi, ya ɗan baje, bai fi zoben aure faɗi ba. Lorna ta ɗauke shi da hantsaki ta sa a ƙaramin faranti na gilashi, ta rufe. Suka wanke layin, suka sa sabo a bushe, suka jira iskar ta kwashe. Bayan azahar ta buɗe gas. Ɗigon suka fara hawa daga hagu, suka gangaro, suka zo wurin da ta san shi kamar hanyar gidansu, suka wuce sumul. Ta sa aka maimaita sau uku. Dennis ya fita wai zai duba wani abu a shago, ya daɗe bai dawo ba.

Ta rubuta komai a babban littafi, da tawada, har da alƙaluman shekara tara da ta ɓoye. Sannan ta rubuta wa mutanen Ostiraliya, da kuma mujallar da ta buga takardar tun farko. Ta ce tudun ba na gas ba ne, maiƙo ne daga wani haɗi a layin gas, kuma ita ce ba ta bincika ba. Dennis ya karanta ta kafaɗarta, ya tambaya ko ba za ta faɗi maiƙon wane ne ba, ko don a san ba sakacinta ba ne.

"Shekara ashirin da biyu sunana yana kan abin da yake nasa," ta ce. "Yanzu da ya zama abin kunya ne zan mayar masa?"

Ta aika saƙon. Amsa ta zo da yamma, cike da yabon gaskiyarta, irin yabon da ake yi wa mamaci. Shugaban sashen ya leƙo ya ce ya ji, ya yi mata jaje a tsaye, ya kuma tambaya cikin dabara ko tunda aikin ya ƙare za a iya kashe na'urar kafin Yuni, masu kwamfuta suna matsa masa. Ta ce ran Juma'a.

Ran Juma'a da safe ta riga Dennis zuwa. Ya tarar ta kwance haɗin da kanta, ta cire sabon zoben, tana mayar da tsohon, hannunta babu safa. Ya ce mata ai da ta tafi da shi gida, ko a kwalba ne, ta ajiye a kan kabad.

"Ya daɗe a ɗakin nan," ta ce. "Miƙo mini igiyar ɗumi."

Igiyar lantarki ce da suke naɗa wa ƙarfe su gasa shi, in suna so duk abin da ya manne a ciki ya saki. Dennis ya dube ta, ya dubi haɗin, ya je ya ɗauko. Shi ya naɗa, da kyau, babu gaggawa. Ta buɗe gas, ba siririn zaren da aka saba ba, ta buɗe makullin har ƙarshe. Da ƙarfen ya ɗauki zafi sai tudun ya tashi a allon, ya wuce inda yake bara, ya wuce inda yake shekara tara baya, ya kai tsayin da ba ta taɓa ganinsa ba ko a ranar farko. Dennis ya ja da baya har ya bugi kujera. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, abin da ya ce rabonsa da yi tun yana makarantar firamare.

Sun kai rabin sa'a a haka. Sannan tudun ya fara sauka. Lorna ta ɗauki babbar rigarta, ta ce masa in ya kwanta ya zo ya gaya mata, tana waje.

Rana ta fito tarwai, irin ranar Fabrairu da ke haske ba ta ɗumi. Ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ta tsaya gaban bututun, kusa fiye da yadda ta taɓa tsayawa. Hucin ya fito, ya taɓa mata fuska da ɗan ɗumi, ya watse, wani ya biyo. Nata ma yana fita fari, yana haɗuwa da shi. Wasu ɗalibai biyu suka zo wucewa, suka ga tsohuwar farfesa tsaye tana fuskantar bango, suka sunkuyar da kai suka kewaye ta. Ba ta san ko kunya ce ke sa Emil shafa hanci ba, ko zobe ne kawai. Zumar dai ba ta cikin aikin maƙeri. Ta tsaya har yatsun ƙafarta suka daina jin sanyin.

Ƙofa ta buɗe, Dennis ya leƙo ba hula, kunnuwansa jawur. Ya buɗe baki zai ce mata ba a shaƙar wannan, sai ya fasa.

"Ya kwanta, Lorna. Layin sumul."

"To kashe ta."

Ya koma ciki. Ta ji saukarsa a matakala, ta ji ƙofar ƙasa ta rufe. Gurnanin da ke cikin bangon, wanda ta daina ji tun shekaru saboda sabo, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Bututun ya yi huci ɗaya, ya ƙara wani ƙarami. Ta jira na uku.

Farin huci ɗaya ne kawai ya rage a wurin, yana fita yana watsewa, kuma nata ne.